Nema, Roƙo da Tsammani a Turanci: Yadda Za Ka Zaɓi Kalmar da Ta Dace

Tun da na fara koyar da Turanci da yamma ga masu shirin jarrabawa da ma'aikatan da ke son gyara rubutunsu, babu tambayar da ake maimaita mini kamar wannan: "Malam, mene ne bambancin *ask* da *request* da *demand*?" Kafin in rufe baki wani ya jefo tasa: "To *expect* da *hope* da *wait* fa?" Kwanan nan masu tambayar sun yi yawa, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta amsar daki-daki, yadda nake bi da ɗalibaina a aji.

Abin da ya ƙara zaburar da ni wani matashi ne ɗan Maraɗi da ya yi karatunsa da Faransanci. Ya kawo mini wasiƙar da zai aika wa wata jami'a yana neman a sassauta masa kuɗin makaranta. Yaro mai ladabi, sai da ya rusuna ya gaishe ni, bai kuma zauna ba sai da na nuna masa benci. Ya zaro takardar daga cikin leda, ko lanƙwasa babu. A layi na biyu ya rubuta: *I demand your help.* A zuciyarsa roƙo yake yi, domin *demander* a Faransanci nema ne kawai cikin girmamawa. Amma a kunnen mai jin Turanci, cewa ya yi: "Dole ku taimake ni." Abin ya tsaya mini a rai, don na san wanda zai karanta wasiƙar ba zai ga rusunawar da na gani ba. Kalmar nan kaɗai zai gani.

Abin da za ka tanada

Littafin rubutu guda ɗaya da ba za ka haɗa shi da wani darasi ba, da biro. Sai ƙamus na masu koyon Turanci, irin na Oxford ko Cambridge ko Longman. Dukansu ukun suna da shafi a intanet da ake dubawa kyauta, ɗan datan da za ka ƙona ne kawai kuɗinsa. In ka fi son na takarda, na hannu ma ya wadatar, domin waɗannan kalmomi ba su sauya ba. Ƙamusun Turanci zuwa Hausa yana da amfani wajen sanin ma'ana, amma ba lallai ya nuna maka yadda ake jera kalmar a cikin jimla ba, kuma a nan mafi yawan kuskuren yake. Lokaci kuwa, minti 15 kullum na tsawon mako biyu ya isa, in dai ba ka tsallake rana ba.

Mataki na 1: Faɗi abin da kake nufi da Hausa tukuna

Mutane suna raina wannan matakin, alhali shi ne gindin aikin. Hausa ta riga ta rarrabe maka komai. Ka san tambaya daban, nema daban, roƙo daban, magiya daban, umarni daban. Ba za ka ce wa mahaifinka "ba ni" da muryar da kake ce wa ƙanenka ba. Haka a ɗaya ɓangaren: jira ba tsammani ba ne, tsammani ba fata ba ne, fata kuma ba ɗoki ba ne.

Saboda haka kafin ka ɗora biro a takarda, tambayi kanka: amsa nake so a ba ni, ko wani abu? Wanda nake wa magana yana sama da ni, ko tsarana ne, ko yana ƙasa da ni? Abin da nake nema haƙƙina ne, ko alfarma? Rubuta amsar da Hausa a gefen shafi. Daga nan ne za ka shiga Turanci.

Hattara: kada ka fara da buɗe ƙamus ka zaɓi kalmar da ta fi tsawo don ta fi kama da ta masu ilimi. Haka ake faɗawa ramin *demand* da *anticipate*.

Mataki na 2: Ka mallaki *ask* kafin sauran

Wannan kalma ita ce uwa. In ka riƙe ta da kyau, za ta fitar da kai a mafi yawan wurare, daga hira da aboki har zuwa magana da shugabanka a ofis. Matsalarta ɗaya ce: tana ɗauke da aikin da Hausa ta raba wa kalmomi biyu, wato tambaya da nema. Abin da ke biye da ita shi ke nuna wanne ake nufi.

In amsa kake so, babu komai tsakaninta da abin tambayar: *I asked him a question*, na yi masa tambaya. *She asked the price*, ta tambayi farashi. In kuma labarin wani abu kake bincike, sai ka sa *about*: *He asked about the exam*, ya yi tambaya a kan jarrabawar.

In wani abu kake so a miƙo maka, dole *for* ta shigo: *I asked him for money*, na nemi kuɗi a wurinsa. Lura da jerin: mutumin ne farko, sai *for*, sai abin. Ɗalibai da yawa suna rubuta *I asked him money*, ko *I asked money from him*, suna bin tsarin Hausa. Duka biyun a guje su.

In aiki kake so mutum ya yi, sai *to*: *I asked her to wait*, na ce mata ta jira.

Akwai wasu guda biyu da nake son kowane Bahaushe ya sani, don muna buƙatarsu kullum. Idan baƙo ya tsaya a ƙofar gida ya aika yaro ya ce ana sallama da maigida, a Turanci *someone is asking for him* ne. Idan kuwa ka haɗu da aminin mahaifinka a kasuwa ya tambaye ka lafiyarsa, da ka koma gida cewa za ka yi *he asked after you*. Na farko ganin mutum ake nema, na biyu lafiyarsa ake tambaya.

Hattara: akwai *enquire*, wadda Amurkawa suka fi rubutawa *inquire*. Neman bayani kawai take nufi, cikin harshen ofis: *I am writing to enquire about the fees.* Ba a neman kuɗi ko taimako da ita.

Mataki na 3: Auna matsayi, sannan ka zaɓi tsakanin *request*, *demand*, *require* da *order*

A nan nake daɗewa da ɗalibai, don a nan ake ɓata dangantaka ba tare da an sani ba.

*Request* ita ce *ask for* da ta sa babbar riga. Ma'anarsu ɗaya, sai dai ita ta takarda ce da ofis da sanarwa. Wanda ya taɓa zama a filin jirgin sama ya ji ana cewa *Passengers are requested to proceed to the gate.* Da ita za ka nemi hutu, ko takardar shaida, ko ƙarin lokaci: *I am writing to request two weeks' leave.* Wanda ka aika wa yana da damar ya amince ko ya ƙi. Ba a amfani da ita a hirar yau da kullum. In ka ce wa abokinka *I request your pen*, zai yi zaton wani abu ya shiga tsakaninku.

*Demand* ba ta barin ƙofar ƙi. Mai faɗinta yana ganin abin haƙƙinsa ne, kuma yawanci ransa a ɓace yake. Ƙungiyar ma'aikata da aka riƙe wa albashi tana iya cewa *We demand our salaries.* Wanda aka ci wa mutunci yana iya cewa *I demand an apology.* Idan ba za ka iya buga tebur ka faɗi maganar da Hausa ba, to ba wurin *demand* ba ne. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka tashi da Faransanci su kula sosai: duk inda *demander* ta zo muku a rai, ku rubuta *ask* ko *request*.

*Require* kuwa ba roƙo ba ce sam. Buƙata ce ko sharaɗi, kuma sau da yawa doka ce ko tsari ke magana, ba mutum ba: *Candidates are required to bring their ID cards*, wajibi ne masu jarrabawa su zo da katin shaida. *This job requires patience*, aikin nan sai da haƙuri. Sautinta ya yi kusa da *request*, shi ya sa ake musanya su. Wanda ya rubuta wa shugabansa *I require your approval* ya yi magana kamar shi ne shugaban.

*Order* umarni ne daga sama zuwa ƙasa, irin na alƙali ko hafsan soja: *The judge ordered him to pay.* Ita ce kuma ake amfani da ita wajen yin odar kaya ko abinci: *I ordered two bags of rice.*

Hattara da *I want you to.* Mu a Hausa "ina so ka taimaka mini" magana ce mai taushi, har babba kana iya faɗa wa. A Turanci *I want you to help me* ta fi kusa da umarni. Ga babba ko baƙo ka ce *Could you help me?* ko *I would be grateful if you could help me.* Ita ma *kindly* da muke yawan sawa a gaban umarni ba kullum take sassauta shi ba. Ga wasu Turawan Ingila tana iya fita da sautin wanda haƙurinsa ya kusa ƙarewa. *Please* da *could you* sun fi aminci.

Mataki na 4: Ajiye *beg* da *plead* don ranar da ta kai

Mun saba jin *abeg* a bakin 'yan kudu, inda take daidai da "don Allah" kawai. Ga kuma "ina roƙonka" ta Hausa, wadda muke faɗa ba tare da jin mun ƙasƙantar da kanmu ba. Waɗannan biyun suka sa muke saurin ɗauko *beg*. Amma a daidaitaccen Turanci kalma ce mai nauyi: magiya ce ta wanda ya rasa mafita, ita ce kuma kalmar bara. *He begged for his life*, ya yi ta magiya a bar shi da ransa. *Plead* ma haka take: *She pleaded with him to stay*, ta yi ta roƙonsa kada ya tafi. A kotu kuma aikinta daban, *plead guilty* amsa laifi ne.

Kada ka fara takardar neman aiki da *I beg to apply.* Tsohon yayi ne, kuma mai neman aiki ba bara ya zo ba, ƙwarewarsa ya kawo. Rubuta *I am writing to apply for the post of...* In roƙon na jama'a ne, kamar hukuma tana kira ga mutane su kwantar da hankali, *appeal* ce ta dace: *The governor appealed to the people for calm.*

Bari in sako zancen aro a nan, tunda shi ma nema ne. A Hausa "ara mini" da "na ari" tushensu ɗaya, shi ya sa *borrow me your pen* ta zauna a bakin mutane. Turanci ya raba su: mai bayarwa *lend*, mai karɓa *borrow*. Ko dai *Could you lend me your pen?* ko *May I borrow your pen?*

Mataki na 5: Bincika 'yar kalmar da ke biye da aikatau

Ko ka zaɓi kalmar da ta dace, *for* tana iya kayar da kai. Kuskuren iri biyu ne, kowanne da sababinsa.

Na farko, sa ta inda ba a buƙata. Saboda an saba da *ask for*, sai a ce *request for*, *demand for*, *order for*. Idan waɗannan ukun suna matsayin aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, kai tsaye suke ɗaukar abin da ake nema: *He requested a loan. They demanded payment. She ordered food.* Abin da ke rikita mutane shi ne, idan suka koma matsayin suna, wato sunan abu, *for* tana dawowa: *a request for a loan*, *a demand for payment*. Ga gwaji mai sauƙi: in za ka iya sa *a* ko *the* ko *my* a gaban kalmar, suna ce, *for* ta halatta. In kuwa mai aikin ne a gabanta, kamar *I* ko *he*, ko kuma *to* ce a gabanta, cire *for*.

Na biyu, cire ta inda ake buƙata. A Hausa "ina jiran ka" muke cewa, babu komai a tsakani, sai ɗalibi ya rubuta *I am waiting you.* Dole a ce *I am waiting for you.*

Na san za a ce ai *request for* tana cikin jaridunmu da takardun ma'aikatu. Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu wulaƙanta Turancin Najeriya. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmominmu da dama, har da Kannywood. Amma mai makin jarrabawar WAEC ko NECO ko IELTS (jarrabawar gwajin Turanci ta ƙasa da ƙasa) da daidaitaccen Turanci zai auna ka, haka ma jami'ar waje da za ta karanta wasiƙarka. Kuɗin rajistar jarrabawa ya fi ƙarfin a yi asararsa a kan kalma mai harafi uku.

Mataki na 6: Raba *wait*, *expect* da *hope*

Yanzu mun shiga ɓangaren tsammani. Da damina nake koyar da shi, don kowa ya san ta.

Manomi ya yi shuka, an ɗauke ruwa kwana da kwanaki, sama tas babu ko gajimare. Yana duban gonarsa yana cewa Allah ya kawo ruwa. Wannan *hope* ce: *He hopes it will rain.* Yana so, amma babu wata alama a hannunsa. Fata ke nan.

Wata rana da la'asar sai hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu, iska ta fara kaɗawa da ƙanshin ƙasa. Matarsa ta fara kwashe shanya. Yanzu *They expect it to rain.* Akwai dalili, hankali ya ba su cewa ruwa na tafe. Tsammani ke nan, kuma ba ruwan *expect* da ko kana so ko ba ka so. Mai taron biki a filin waje shi ma *expects rain*, alhali ba ya fatan sa.

Ruwa ya sauko, ɗansa da ya dawo daga kasuwa ya fake a rumfar mai shayi har a ɗauke. *He is waiting for the rain to stop.* Jira ke nan: lokaci ne ke wucewa, mutum ya dakatar da wani abu har wani abu ya faru.

A taƙaice, *hope* a zuciya take, *expect* a kai, *wait* a agogo. Kwatanta waɗannan biyun: *I am expecting a guest at four*, na san baƙo zai zo da ƙarfe huɗu, amma ina ci gaba da harkokina. *I am waiting for my guest*, ina zaune ina duban hanya.

Ginin jimlarsu ya bambanta. Ana cewa *I expect him to come*, amma ba a cewa *I hope him to come*. Sai dai *I hope he comes* ko *I hope he will come.* In abu ne ke biye, *hope* tana son *for*, *expect* ba ta so: *We hope for peace. We expect trouble.* Kuma ba a haɗa *hope* da abin da ba ka so. In kana jin za ka faɗi jarrabawa, *I am afraid I will fail* za ka ce.

Gargaɗi na farko, kuma mafi muhimmanci a wannan mataki: *expect* tana da fuska ta biyu, ta wajabtawa. Idan shugaban makaranta ya ce *I expect you to be here by eight*, ba hasashe yake yi ba, umarni ya bayar. Saboda haka wanda ya rufe takardar neman alfarma da *I expect your reply soon* ya yi wa mai ofishin magana kamar yaronsa. Na sha ganin wannan a takardun mutanen kirki waɗanda "ina sa ran amsarku" kawai suke nufi. "Sa rai" ɗinmu tana tsakanin fata da tsammani, kuma a gaban babba *hope* ce fassararta: *I hope to hear from you soon.*

Gargaɗi na biyu: kada ka bar *expecting* ita kaɗai a kan mace. *My sister is expecting* na nufin tana da juna biyu. In baƙo take tsammani, faɗi baƙon: *She is expecting a visitor.*

Gargaɗi na uku, ga masu Faransanci: *attendre* jira ce, amma *attend* ta Turanci halarta ce. *I attended the meeting*, na halarci taron.

Sai *wish*, da ake yawan cusa ta wurin *hope*. Idan abin zai iya yiwuwa, *hope*: *I hope you pass*, ba *I wish you will pass* ba. *Wish* ita ce "da ma" ta Hausa, ta abin da ba haka yake ba: *I wish I had a car*, da ma ina da mota. Lura aikatau ɗin ya koma na lokacin da ya wuce, ko da yake maganar ta yanzu ce. Tana kuma aiki a addu'ar fatan alheri, *I wish you a safe journey*, da harshen ofis inda take nufin "ina so": *I wish to inform you.*

Mataki na 7: *Anticipate*, *await* da *look forward to*

Mu koma wurin manomin nan. Tun watan Afrilu, kafin ɗigon farko, ya hau rufin ɗaki ya toshe inda ke yoyo, ya gyara indararo, ya tanadi iri. Wannan shi ne asalin *anticipate*: ka hango abu tun daga nesa ka yi masa shiri. *He anticipated the rains and repaired his roof.* Ɗan kasuwar da ya sayi raguna tun kafin Babbar Sallah ta matso, *he anticipated the demand.* A harshen hukuma kuma ana amfani da ita a madadin *expect*: *We do not anticipate any problems.* In aikatau ne zai biyo ta, da *-ing* yake zuwa: *We anticipate finishing in June*, ba *anticipate to finish* ba.

Za ka ga mawaƙa da 'yan fim suna rubuta *Anticipate!* ita kaɗai a fostar sabon aikinsu, suna nufin "ku saurari fitowarsa." Salon talla ne na gida, kada ka kai shi takardar jarrabawa.

*Await* jira ce ta rubutu, kuma ba ta ɗaukar *for*: *I await your reply.* Ko *wait for* ko *await*, babu *await for*.

*Look forward to* ita ce ɗoki, jiran abu cikin farin ciki. Ba a faɗinta a kan abin baƙin ciki ko wahala. Tarkonta sananne ne: *to* ɗin da ke cikinta ba irin ta *to go* ba ce, don haka suna ne ke biyo ta, ko aikatau mai *-ing*. *I look forward to your visit. I look forward to hearing from you.* Gwada haka: in za ka iya sa *it* bayan *to* jimlar ta tsaya, to *-ing* ake so. *I look forward to it* ta tsaya, saboda haka *to hearing*. *I hope to it* ba ta tsaya ba, saboda haka *hope to hear*. Kuma *to* ce, ba *for* ba.

Wajen rufe wasiƙa, shawarata ka bar *Thanks in anticipation* da *Thanks for your anticipated cooperation.* An saba da su a ofisoshinmu, amma ta farkon ta tsufa, ta biyun kuma tana nuna kamar ka riga ka yanke cewa za a yi maka abin. *Thank you for considering my request* ta fi ladabi, don ta bar wa mai karatu zaɓinsa.

Mataki na 8: Tabbatar a ƙamus, sannan ka maimaita

Duk kalmar da ka zaɓa, buɗe ta a ƙamus. Kada ka tsaya a ma'ana, gangara zuwa inda aka nuna tsarinta, irin su *ask somebody for something* ko *expect somebody to do something.* Kwafe tsarin a littafinka, shafi ɗaya ga kowace kalma, ka rubuta jimla uku a ƙarƙashi daga rayuwarka: kuɗin haya, hutun aiki, sakamakon jarrabawa. Jimlar da ta shafe ka ita ke zama a kai. Kalma ɗaya a rana ta isa. A mako na biyu ka riƙa rubuta gajeriyar wasiƙa, kamar kalma 150, wato mafi ƙarancin tsawon wasiƙar da ake nema a IELTS na gama-gari. Ka ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar nema ko tsammani, ka bi ta da tambayoyin mataki na 1.

Hattara: kada ka dogara da manhajar fassara ta waya a wannan aikin. Ba ta san ko shugabanka kake wa magana ko ƙanenka ba. Kuma ka gama gyara tun a rubutun hannu kafin ka kai shagon buga takardu, don kowane sabon bugu kuɗi ne.

Haka muka yi da ɗan Maraɗin nan a kan benci, da jan biro. Na tambaye shi da Hausa, "Haƙƙinka ne ko alfarma?" Ya ce, "Alfarma ce, Malam." Muka soke *I demand your help*, ya rubuta *I am writing to request a reduction in my fees.* A tsakiya ya sa *I am waiting your decision and I expect a good answer*. Muka mayar da ita *I hope you will consider my situation.* A ƙarshe ya fara rubuta *I look forward to hear*, sai ya dakata, ya gwada *it* a bakinsa a hankali, ya ƙara *-ing* da kansa. Ya mayar da takardar cikin ledarta ya nufi shagon bugawa kafin a kira magariba.